Man da Mai Cokali Ta Auna wa Auta

Duk layin da Mai Cokali aka san ta, har masu kawo mata kaya sun daina tambayar sunanta na gaskiya. Cokalin ɗan mitsitsi ne na ƙarfe, bai kai rabin na shayi ba, kullum yana aljihun gaban rigar aikinta. Da shi take ɗebo man shafawa daga manyan robobi ta zuba wa mata a ƙanana. Kafin ta tsoma shi sai ta goge shi da auduga da sifirit, in ta fitar ma ta sake gogewa. Duk wanda ya taɓa cokalin nan da hannunsa ya ga ɓacin rai, ko da kuwa mijinta ne.

Shagon siriri ne, a matse tsakanin tela da kyamis. In ka shiga, madubi ne a hagu, a gabansa kujera mai juyawa da ta samu a hannun wani mai aski da ya tashi daga layin, sai fitila mai dogon wuya da take jawowa kusa da fuskar mutum har ya ji kunyar kansa. Tagar kullum a rufe take da labule mai kauri. Baƙi kan ce shagon ya yi duhu, ita kuwa ta ce ba don su ta sa labulen ba. Don kwalaben bitamin C ne, waɗanda in haske ya dame su sai ruwan ya rine ya koma kamar shayi, ya tashi daga aiki.

Ba kayan kwalliya take sayarwa ba, kuma in kana son ganin ta murtuke fuska ka ce haka. Hoda da jan baki suna shagon tsallake. Nata kayan suna tsakanin kwalliya da magani: man da ke ɗauke da sinadari mai yin aiki a fata da gaske, ba ƙamshi da santsi kawai ba. Mace takan shigo da hoton kwalba a waya, ta ce irin wannan take so, ta ga wata ta yi kyau da shi. Mai Cokali ba ta ko kallon gaban kwalba.

"Gaba na mai talla ne," in ji ta. "Baya ne namu."

Sai ta juya kwalbar, ta bi ƙananan rubutun da yatsa tana yi wa mutum bayani, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Mai maiƙon fuska da ƙuraje, salisilik ne nata, shi ke shiga ƙofofin fata ya kwashe dattin da ya toshe su. Wadda fatarta ke saurin fushi, niyasinamid ne zai lallashe ta. Bitamin C na safe ne. Retinol kuwa na kwanciya barci ne, kuma shi ne babba a gidan: yana sa fata ta yi saurin sabuntawa, tabo ya dushe, amma da farko yakan sa saɓa da zafi, ba ya shiri da rana, ba ya kuma son a haɗa shi da wani mai ƙarfi lokaci guda. A ƙarshe ta ɗora da man kare rana, wanda ba ta yafe wa kowa shi. Takan ce wadda ba za ta shafa shi ba gara ta koma gida da fuskarta yadda ta zo da ita.

Ba a makaranta ta fara koyon wannan ba. Tana da shekara sha tara mahaifiyarsu ta rasu, ta bar mata ƙanwa 'yar shekara huɗu, wadda kowa ke kira Auta. Ta yi wankin kai a shagon gyaran gashi har hannuwanta suka sale, daga nan ta samu aiki a sashen man shafawa na wani babban kanti, ta yi shekara goma sha ɗaya a tsaye bayan kantar sayar da kaya. A nan ta ga abin da man bilicin ke yi wa mata: kumatu sun ƙone, fata ta yi siriri har ana ganin jijiya, ga su suna dawowa neman wanda ya fi na baya ƙarfi. Abin ya tsaya mata a rai. Ta yi kwas na wata shida, ta dinga kai kwalabe wurin Mai Kyamis, wani dattijo da ya yi ritaya daga asibiti, yana karanta mata sunayen da suka fi ƙarfin harshenta. Da ta buɗe nata shagon a jikin nasa, ta rantse bilicin ba zai kwana a ciki ba, kuma bai taɓa kwana ba.

Tana da ƙa'ida biyu. Ta farko, ba ta ba sabuwar zuwa babbar kwalba. Sai ta auna mata cokali kaɗan a 'yar roba, ta gwada sati biyu, in fata ta karɓa a ci gaba. Ta biyu, ba ta auna wa kowa komai sai ta yi tambaya uku: me kike shafawa yanzu, me ya taɓa ƙona ki, kuma kina da ciki ko kina nema ko kina shayarwa? Ta ukun nan ba ta tsallake ta saboda retinol, wanda aka hana masu ciki. Har wata kaka mai jikoki tara ta taɓa yi wa ita, kakar ta ce in dai an samu to ita ma tana son a sanar da ita. An yi wata guda ana dariyar wannan a layin.

Inda take da rauni shi ne 'yan robobin nan ba su da rubutu. Farare ne sumul, ba suna, ba gargaɗi. Mai Kyamis ya yi mata magana ya fi sau goma, ita kuma ta ce bakinta ne takardar, duk wadda ta fita daga shagonta ta haddace abin da aka ba ta. Gaskiya ne kuwa, domin ba ta sakin mace sai ta maimaita mata bayanin kamar 'yar aji ɗaya. Mutum ce mai son a ji maganarta, kuma an saba ji.

Wadda ta fi kowa ji ita ce Auta. Yanzu shekararta talatin da uku, tana koyar da ƙananan yara a wata makaranta, mijinta direban bas ne, amma a gaban yayarta har gobe 'yar shekara huɗu ce. Shekara tara da aurenta ba haihuwa. Sau biyu tana samun ciki, sau biyu yana zubewa kafin wata uku. Na biyun Mai Cokali ce ta wanke zannuwan da hannunta, kuma tun daga ranar aka daina maganar a tsakaninsu. Ba wanda ya hana, kowa dai ya kama bakinsa.

Wata huɗu da suka wuce Auta ta zauna a kujerar nan mai juyawa, yayarta ta jawo fitila. Baƙin tabo ne ya shimfiɗu a kumatunta biyu, don ita ke tsayuwa a ƙofar makaranta cikin rana tana miƙa yara ga iyayensu. Mai Cokali ta yi tsaki, ta ce 'yar uwar mai gyaran fata ce ke yawo haka, sai ka ce ba ta da kowa. Ta sauko da robar retinol. Tambaya ta farko ta san amsarta, ta biyu ma haka. Da ta zo ta uku sai ta dubi idon Auta a madubi, ta ga in ta furta kalmar ciki yarinyar nan kuka za ta yi a gaban mutane. Ta haɗiye tambayar, ta auna man, ta haɗa mata da na kare rana.

Kwana biyu bayan haka Auta ta kira ta a waya.

"Yaya, man nan yana min zafi. Fuskata kamar an watsa mata barkono."

"Haka yake yi da farko. Alamar yana aiki ke nan. Ki daure."

"To, Yaya."

Daga nan ba ta sake kawo ƙara ba. Duk ƙarshen wata tana zuwa da robar wayam a sake cika mata, tabon kuma yana ta dushewa. Mai Cokali ta mai da fuskar ƙanwarta abin nuni. Duk mai shakka sai ta buɗe mata hoto a waya: ga ta da, ga ta yanzu, aikin retinol ke nan in an bi doka.

Wata Talata da hantsi, Mai Cokali tana goge kantar shago, Auta ta shigo a lokacin da ya kamata a ce tana aji. Ta zauna tana ta murza bakin mayafinta.

"Lafiya? Ko korar ki aka yi?"

"Daga awo nake, Yaya."

"Awon me?"

Auta ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Wata uku da sati ɗaya. Ban faɗa ba ne sai na wuce inda na baya suka tsaya."

Mai Cokali ta nemi wurin zama ta rasa, ta zauna a kan kwalin kaya. Ta kama hannun Auta ta riƙe, tana cewa Alhamdulillahi, tana sakewa, hawaye na zuba ba ta ko share ba. Da ta dawo hayyacinta kuwa sai umarni ya ɓalle: ban da ɗaukar yaro, ban da hawa bene da sauri, ban da tsayuwar ƙofa. Auta tana cewa to, to, har ta fita.

Ba a yi minti goma ba wata budurwa ta shigo da ƙuraje a goshi. Mai Cokali ta zaunar da ita, ta jawo fitila, zuciyarta fari tas, bakinta yana yin tambayoyin da kansa.

"Me kike shafawa yanzu? Me ya taɓa ƙona ki? Kina da ci..."

Nan ta tsaya. Budurwar tana ta amsa cewa ita ko aure ba ta yi ba, amma Mai Cokali ba ta jin ta. Ta sallame ta da cewa ta dawo gobe, ta sauko da babbar robar, ta juya bayanta. Layin gargaɗin yana nan inda ta san shi, da ƙananan baƙaƙe: kada mai ciki ko mai neman ciki ta yi amfani da shi. Wannan layin ne bai taɓa isa hannun Auta ba, domin ita 'yar farar roba aka ba ta. Wata huɗu tana shafawa, cikin kuma wata uku. Ke nan tun ranar da aka samu ɗan nan yake tare da man da yayar uwarsa ta auna da hannunta.

Ta bar shago a buɗe ta shiga kyamis da robar a rungume. Mai Kyamis ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya goge, abin da ya ƙara mata haushi.

"Zauna, maƙwabciya. Retinol dangin bitamin A ne. Akwai ɗan uwansa da ake haɗiya don ƙuraje masu tsanani, wannan an tabbatar yana nakasa ɗan tayi, ba gardama. Na shafawa kuwa ɗan kaɗan ne ke ratsa fata, kuma matan da aka bi diddiginsu bayan sun shafa cikin rashin sani, ba a ga matsala ta ƙaru a 'ya'yansu ba."

"To ke nan babu komai?"

"Ban ce haka ba. Ba wanda zai sa hannu ya ce miki babu komai, shi ya sa aka hana gaba ɗaya. Ta daina daga yau. Gobe ki kai ta wurin likitarta, ki tafi da babbar robar su ga ƙarfinsa."

Duk dogon bayanin nan, abin da ya shiga kunnenta kawai shi ne ba wanda zai sa hannu. Da za ta fita ya turo mata naɗin farar takarda mai mannewa, irin wadda yake rubuta wa mutane yadda za su sha magani. Ta ɗauka. Ta koma shago ta zauna tana rubuta suna da gargaɗi tana manna wa 'yan robobi ɗaya bayan ɗaya, rubutun duk a karkace.

Da la'asar ta kulle shago ta tafi gidan Auta, ɗaki biyu a saman bene. Ta same ta tana gugar kayan makaranta. Ta ƙwace dutsen gugar ta ce ta zauna, sannan ta shiga ɗakin kwana da sunan neman tsintsiya. Robar ba ta gaban madubi. A ƙasa ta gan ta, gefen gado, kusa da takalma, abin da a wata rana da sai an ji faɗanta har ƙasan bene. Ta buɗe. Saura ɗan kaɗan a gindi, an lakace shi da yatsa ba tausayi. Ita da ta ce a ɗebo kamar ƙwayar wake.

Ta fito da ita a hannu. "Kullum kike shafawa?"

Auta ta dubi ƙasa. "Kullum, Yaya."

"Ba fashi?"

"Ba fashi."

Mai Cokali ta jefa robar a jaka. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga hannun Auta a kan mararta, ta tuna zannuwan nan. Tsoro ya kama ta kada firgici ma ya yi abin da man bai yi ba. Matar da ke gaya wa baƙuwa a fuska cewa ta lalata fatarta, yau ta kasa gaya wa ƙanwarta magana ɗaya.

"Ki dakata da shi tukuna. Gobe zan raka ki wurin likita, ina da tambaya."

"Ai yau na je."

"Na ce gobe zan raka ki."

"To, Yaya."

Washegari suka yi awa biyu a kan benci a barandar asibiti, cikin mata masu ciki da katunansu a hannu. Auta tana hira da ta kusa da ita a kan kumburin ƙafa. Mai Cokali tana zaune a miƙe, jaka a cinya, ba ta ko karya ba. Duk mai tsohon cikin da ta wuce sai ta bi ta da ido, tana roƙon Allah a zuci Ya kai ƙanwarta nan, in ya so ita a ɗauke mata shagon da duk abin da ke ciki.

Likitar matashiya ce, ba ta fi Auta ba, da biro a soke a gashinta. Kafin ta ce komai Mai Cokali ta fito da babbar robar ta dire a kan tebur.

"Likita, ni ce mai laifi. Ni na ba ta wannan wata huɗu ke nan. Kowace mace ina tambayar ta ko tana da ciki, ita ce kaɗai ban tambaya ba. Na zuba mata a robar da ba rubutu, ba ta san an hana ba. Duk abin da ya samu ɗan nan, ni ce."

Auta ta juyo tana kallon ta, baki buɗe. Tunda take ba ta taɓa jin yayarta ta ce ni ce mai laifi ba.

Likita ta juya robar ta karanta, ta yi rubutu a kati. "To, Anti, kwantar da hankalinki, mu bi abin a hankali." Ta dubi Auta. "Sau nawa kike shafawa a sati, kuma kamar yaya kike ɗeba?"

Auta ta murza bakin mayafinta. Ta kalli yayarta, ta kalli robar, ta sake kallon yayarta.

"Ni za ki kalla, ba yayarki ba," in ji likita. "Amsar nan tana da muhimmanci."

"Sau biyu."

"A sati?"

"A'a." Muryar ta yi ƙasa har sai an kasa kunne. "Sau biyu ke nan duka. Tun farkon da aka ba ni. Ya yi min zafi, na daina."

"Ke nan kafin ki samu cikin?"

"Da kusan wata guda."

Mai Cokali ta ji maganar sarai, amma an ɗauki lokaci kafin ta zauna mata a kai. Ta dafa gefen tebur.

"Roba huɗu na cika miki. Ina suka tafi?"

Auta ta rufe fuska da mayafi. "Maigidan ne yake shafawa a dunduniya. Faso ya dame shi saboda taka birki. Ni kuma in na zo da robar a cike za ki yi faɗa."

Likita ta yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta kasa, ta kifa kai a kan katin. Da ta ɗago tana share ido ta tambaya ko dai ƙafar ta yi kyau. Auta ta ce ya ce ta ɗan yi laushi. Likita ta ce shi ma ya daina, ba man faso ba ne, a nema masa mai maiƙo na ƙafa, amma shafawarsa ba ta taɓa ɗan da ke ciki da komai ba.

"To tabon fa?" in ji Mai Cokali, don har yanzu da sauran mai shago a jikinta. "Na ga ya dushe da idona."

"Na kare rana ina shafawa kullum, Yaya, shi ba ya zafi. Kuma na roƙi shugabar makaranta ta mai da ni tsayuwa a inuwar baranda."

"Shi ke nan maganin," in ji likita. "Irin tabon nan rana ce ke ciyar da shi. Zai iya dawowa yanzu saboda cikin, in ya dame ta akwai wani man, azelayik, shi ba a hana masu ciki ba, amma a fara tambayata." Ta tura wa Mai Cokali robarta. "Anti, ko da ta shafa ɗin, da abin da zan ce shi ne ta daina mu sa ido, kuma galibi lafiya ake ƙarewa. Yanzu kuwa ko wannan babu. Kin yi daidai da kika zo da robar. Ba kowa ke yi ba."

Sannan ta ce tunda an zo, Auta ta hau gado yayarta ta ji da kunnenta. Ta shafa wani ruwa mai sanyi a marar, ta ɗora 'yar na'ura tana matsawa a hankali. Da farko shuu kawai ake ji. Can sai ga bugun zuciyar ɗan, ƙanƙani, da sauri-sauri, ba ya tsayawa. Mai Cokali ta tsaya a gefen gado ta riƙe ƙarfen da hannu biyu. Wani nauyi da ta kwana ta tashi da shi ya sauka daga ƙirjinta gaba ɗaya, ta ji daɗin da ba ta taɓa jin irinsa ba, har ta ji kunyar yadda take huci a gaban yarinyar likita.

A waje Mai Cokali ta koma kan bencin da suka bari, Auta ta zauna a gefenta nesa kaɗan, kamar mai jiran hukunci. Mata suna ta wucewa da katunansu.

"Yaya, kin yi fushi?"

"Wata huɗu ina nuna hotonki ina cika baki, ashe dunduniyar direba nake gyarawa." Ta fara dariya, dariyar ta juye ta koma kuka, ta bar shi ya zuba. Da ta lafa ta fyace hanci ta ce, "Shekara kusan talatin ina fama ki riƙa jin maganata. Yau da kin ji, da ban san inda zan sa kaina ba. Amma me ya hana ki ce min ba kya so?"

"Na ce yana min zafi."

"Na ji. Amma ki ce a'a, ba zan shafa ba."

Auta ta ɗan yi murmushi, ba ta ɗago ba. "Wa yake ce miki a'a, Yaya?"

Maganar ta shige ta. Ba da gatse aka faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Ta dubi ƙanwarta da kyau, ba fitila, ba madubi: mace ce babba mai aji guda na yara a hannunta, wadda ta ɓoye cikinta wata uku ita kaɗai, ta kuma gwammace ta yi ƙarya duk wata da ta yi musu da yayarta sau ɗaya. Nan gaba kaɗan uwa za ta zama, kuma za a yi ta ba ta shawara a kan ɗanta, mai kyau da marar kyau, yawanci ma daga bakin wannan yayar.

Mai Cokali ta share fuska, ta gyara zaman jaka a cinya.

"To gwada yanzu mu gani. Tashi mu je shago in auna miki azelayik ɗin da likita ta faɗa."

"Ai ta ce sai in ya dame ni."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Za ki ko ba za ki ba?"

Auta ta ɗago. Ta dafa mararta.

"A'a, Yaya. Ba na so."

"Ƙara ɗaga murya, ban ji ba."

"Na ce a'a. Gida zan je in kwanta, na gaji. Ke ma ki je ki ci abinci, tun safe ba ki sa komai a bakinki ba."

Mai Cokali ta kalle ta. Sannan ta miƙe, ta rataya jaka, ta miƙa wa ƙanwarta hannu.

"To," in ji ta.